Fulogi Da Wayarsa: Abin Da Za Ka Duba Kafin Ka Biya Kuɗin Sabis

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lissafin duk wani mai mota ya canza. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Da mai ya yi tsada sai kowa ya fara sa ido a kan abin da motarsa ke sha. Mai tasi a Agege, ɗan kasuwa a Sabon Ibadan, direban Sienna da ke lodi daga Fatakwal zuwa Arewa, duk kukansu ɗaya: mota na zuƙar mai, ba ta ja a tudu, tana kakkarwa idan an tsaya a sulo. Da ka shiga gareji kuwa, kafin ma ka gama bayani bakanike zai ce maka, "Alhaji, sai an canja fulogi."

Sau da yawa gaskiyarsa ne. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen saye. Yawanci yaron gareji ake ba kuɗi ya hau okada ya je ya ce a ba shi "fulogin Camry guda huɗu", mai shago ya miƙo abin da hannunsa ya fara taɓawa, a ɗaura, mota ta tashi, kowa ya kama gabansa. Bayan wata biyu kakkarwar ta dawo, ko kwayil ya ƙone, sai a ce ai motar ce ta tsufa.

Aikin fulogi ɗaya ne tak: ya kyasta wuta a cikin silinda daidai lokacin da fistin ya matse iska da fetur. Batirin mota bolt 12 kawai yake bayarwa, kwayil ne ke ɗaga wannan wutar zuwa bolt 20,000 ko 30,000, wani lokaci fiye, domin ta iya tsallake ɗan gibin da ke bakin fulogi. Idan injin na juyawa sau 3,000 a minti, kowane fulogi na kyastawa sau 25 a daƙiƙa ɗaya. Kowace kyastawa kuma tana ɗan cin ƙarfen bakinsa. A hankali gibin ke faɗaɗa, wutar ta fara wahalar tsallakewa, wani lokaci ta ƙi tsallakewa ma sam. Wannan shi ne abin da kanikawa ke cewa mota tana mis. Fetur ɗin da ya shiga silindar a wannan karon bai ƙone ba, ta salansa zai fita, kuma kai ka biya kuɗinsa.

Mu mazauna Kudu akwai wani lissafi da ya shafe mu musamman. Littafin mota da kilomita yake auna rayuwar fulogi, amma mitar kilomita ba ta motsi idan kana tsaye a go-sulo. Injin da ke sulo a kan juyi 750 a minti, kowane fulogi nasa na kyastawa sau 22,500 a awa guda. Wanda ke kwashe awa biyu ko uku kullum a cunkoson hanyar Ikorodu ko ta Apapa, fuloginsa ya yi aikin da mita ba ta rubuta ba. Shi ya sa adadin da kamfani ya rubuta bai kamata a jira a cika shi cif ba a Legas.

Lambar da ke jikinsa ita ce sunansa

Babu wani abu wai shi "fulogin Camry". Injin ne ke da fulogi. Ga misali da zai nuna maka haɗarin. Camry ɗin da ake kira Muscle, ta 2007 zuwa 2011, kamanninta kusan ɗaya ne, amma mai silinda huɗu ta zo da inji iri biyu. Ta 2007 zuwa 2009 tana da 2AZ-FE mai lita 2.4, irin na Big Daddy, kuma fuloginsa na Denso shi ne SK20R11. Ta 2010 da 2011 da aka shigo da ita daga Amurka tana da 2AR-FE mai lita 2.5, nata kuma SK16HR11. A ido kamar 'yan biyu. Amma tsawon tiredin na farko milimita 19 ne, na biyu 26.5. Ka sa gajeren a gurbin dogo, bakinsa zai noƙe a cikin rami, wutar ba ta kai inda ake so, baƙi kuma ya cika ragowar tiredin da ke kan injin. Ka sa dogon a gurbin gajere, zai leƙo cikin silinda fiye da kima, fistin na iya dukansa. Daga canjin fulogi sai ka tsinci kanka a maganar sauke inji.

Haka Corolla. Ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ-FE tana ɗaukar SK16R11, ta 2009 zuwa sama mai 2ZR-FE kuma SC20HR11, wanda siriri ne dogo, har sufanar kwance shi ma daban ce. Sannan kada ka manta motocinmu tokumbo ne. Da yawa an taɓa canja musu inji a Ladipo ko Nkpor kafin su zo hannunka, don haka shekarar da ke takardar mota ba hujja ba ce. A duba lambar da ke jikin injin kansa. Fulogin da aka kwanto ma kada a ɗauke shi shaida kai tsaye, ta yiwu wanda ya sa shi tun farko kuskure ya yi.

Lambar ba ado ba ce, kowane yanki nata da abin da yake faɗa. A SK20R11, 11 ɗin ƙarshe na nufin gibin bakinsa milimita 1.1 ne. R na nufin akwai wani ɗan abu a cikinsa da ke hana wutar yi wa rediyo da kwamfutar mota kutse. Motar da ke da kwamfuta, wato kusan duk wata mai injekta, fulogi mai R take so. 20 ɗin kuma ita ce lambar zafi, kuma a nan ne aka fi yin ruɗani.

Mutane da yawa na ɗauka fulogi "mai zafi" shi ne mai ba da wuta da ƙarfi. Ba haka ba ne. Lambar tana nuna saurin da fulogi ke sauke zafin bakinsa ya miƙa wa kan injin. Ana so bakin ya zauna tsakanin digiri 500 zuwa 800 a ma'aunin Salshiyas. Idan bai kai ba, baƙin hayaƙi ba ya ƙonewa, sai ya taru ya shaƙe shi. Idan ya wuce, bakin na yin ja kamar garwashi ya kunna fetur tun kafin lokaci, abin da ke iya huda fistin. Kowane inji da lambar da aka auna masa. Abin lura: a wajen NGK da Denso, babbar lamba ita ce mai sanyi, kuma 5, 6, 7 na NGK su ne kusan 16, 20, 22 na Denso. A wajen Bosch da Champion kuwa akasin haka ne, babbar lamba ita ce mai zafi. To ka ga mai shagon da ya ce maka "wannan ma 6 ne, ɗaya suke" alhali kamfanonin daban, ko bai sani ba ko yana son ya rabu da kayansa.

Na gama-gari, filatinam ko iridiyam?

Duk fulogi na zamani akwai jan ƙarfe a cikinsa. Bambancin a bakin yake. Na gama-gari, mai araha, bakinsa nikel ne mai kauri kamar milimita 2.5. Yana aiki sarai, sai dai yana saurin cinyewa, a yanayinmu ka lissafa masa kilomita 20,000 zuwa 30,000. Filatinam ya fi shi jimiri nesa ba kusa ba. Iridiyam ya fi su duka: sai zafi ya haura digiri 2,400 yake narkewa, nikel kuwa bai kai 1,500 ba. Saboda taurinsa ake iya yin bakinsa siriri kamar allura, milimita 0.4 zuwa 0.7, kuma siririn baki ba ya wahalar da kwayil kafin wuta ta tsallaka. Toyota ta rubuta mil 120,000 ga iridiyam ɗin da take sawa a irin su Camry da Corolla na Amurka, kusan kilomita 190,000 ke nan. Lura, mitar tokumbon Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne.

Ni a ganina ƙa'idar mai sauƙi ce. Motar da ta fito daga kamfani da iridiyam, a mayar mata da iridiyam mai lambarta. Tsohuwar Golf 3, ko 504, ko danfo mai kafireta, fulogi na gama-gari na gaske ya ishe ta. Sa mata iridiyam ba zai mayar da ita sabuwa ba, kuma idan injin na shan baƙin mai ko kafireta na ba da fetur da yawa, mai tsadar ma shaƙewa zai yi kamar mai arahar. Duk wanda ya ce maka wani fulogi zai ƙara wa mota gudu ko ya rage shan mai da rabi, talla yake yi. Abin da sabon fulogi ke yi shi ne ya dawo maka da abin da tsohon ya zubar.

Akwai wani rukuni a tsakiya da ake yawan yi wa kuskure. Camry Pencil ta 1997 zuwa 2001 mai injin 5S-FE, da Sienna ta 1998 zuwa 2000, kwayil ɗaya ne ke ba fulogi biyu wuta a lokaci guda. A irin wannan tsari kowane fulogi na kyastawa ninki biyu, kuma a ɗaya daga cikin biyun wutar a juye take tafiya, tana cin ƙarfen gefe maimakon na tsakiya. Shi ya sa kamfani ya ba su fulogi mai ƙafa biyu, PK20TR11 na Denso. Ka sa mata na gama-gari mai ƙafa ɗaya za ta tashi, amma ba za a jima ba ka dawo gareji.

Iridiyam ɗin ma suna suka tara. Kamfanonin nan na da wanda aka yi don daɗewa, mai ɗigon filatinam a ƙarfen gefe, suna kuma da wanda bakin tsakiya kaɗai ne iridiyam, wanda rayuwarsa ba ta kai ta na farko ba. Duka na gaske ne. Lambar dai ita ce za ta raba maka gardama.

Jabu ya cika kasuwa

Ko ka san lamba, tsugune ba ta ƙare ba. A Ladipo da Trade Fair a Legas, Agodi Gate a Ibadan, Ikoku a Fatakwal, Uwelu a Benin, duk akwai 'yan kasuwa masu amana da ke sayar da na gaske, akwai kuma kwali mai ƙyalli da abin da ke cikinsa ko kusa bai ga iridiyam ba. Kamfanonin NGK da Denso da kansu sun sha fitar da gargaɗi a kan jabun kayansu. Masu jabun kan fiƙe bakin nikel ya yi siriri ya yi kama da iridiyam. Siririn nikel kuwa ba ya jure zafi, cikin 'yan watanni ya cinye, gibin ya buɗe, kwayil ya yi ta wahala har ya mutu. Mafi muni shi ne bakin ko farin tangaran ɗin ya ɓalle ya faɗa cikin silinda.

Alama ta farko ita ce farashi. Ka tambayi shago uku ko huɗu. Idan wani ya ba ka saiti huɗu a kuɗin da wasu ke sayar da guda ɗaya, ka san araha ba ta ado. Sannan ka buɗe kwalin a gabansa. Rubutun da ke jikin farin tangaran ya zama tsaf, ba ya gogewa da farce. Zoben washa da ke gindin tiredi kada ya zare ya faɗo da sauƙi. Tiredin ya zama sumul babu ƙaiƙayi. Ka jera huɗun ka dubi bakinsu: gibinsu ɗaya ne? Ƙarfen gefe ya zauna daidai saitin na tsakiya? A na gaske za ka ga ɗan siririn bakin an like shi ne a kan ƙarfen, launinsa ma ya ɗan bambanta. Abu biyu kuma kada su ruɗe ka. Toyota ba ta ƙera fulogi da kanta, idan ka buɗe kwalinta mai lamba da ta fara da 90919, Denso ko NGK za ka gani a ciki. Kamfanin NGK kuma ya koma amsa sunan Niterra tun Afrilun 2023, don haka ganin wannan suna a sabon kwali ba alamar jabu ba ce.

Fulogin beljiyam fa? Wasu direbobi na rantsewa da shi, suna cewa gara tsohon na gaske da sabon jabu. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba ka san mil nawa ya yi ba kafin a kankare shi da buroshi ya yi fari. Na maneji ne kafin kuɗi su zo, ba na tafiyar Kano ba.

Waya da kwayil

Da farko, ba kowace mota ke da wayar fulogi ba. Yawancin motocin da suka fito daga wajajen 2002 zuwa yau, irin su Big Daddy, Corolla ta 2003 da Honda EOD, kowane fulogi da kwayil ɗinsa a kansa. Idan aka rubuta maka kuɗin wayar fulogi a lissafin irin wannan mota, ka nemi a nuna maka inda za a sa ta. Masu waya su ne tsofaffin: Golf, Pencil, 504 da 505, tsohuwar Hiace, danfo, da yawancin Micra da ke tasi a Ibadan.

Ga masu waya, damina ce mai tona asiri. Robar da ta tsufa tana tsattsagewa, danshin Kudu ya shiga, wutar ta samu gajeriyar hanya ta tsallaka jikin inji maimakon ta isa fulogi. Motar da ke lafiya da rana amma ta ƙi tashi da asuba bayan an kwana ana ruwa, a fara zargin waya da murfin distirbuta. Gwajin ba ya cin ko kwabo: da daddare a wuri mai duhu, ka buɗe bonet injin na aiki, ka ɗan fesa ruwa kaɗan a kan wayoyin. Idan ka ga shuɗin tartsatsi na tsalle ko ka ji ƙas-ƙas, sun gama. Kada dai ka kai hannu. Mai wayarin, wanda a nan ake ce wa rewaya, zai iya auna su da mita. A tsofaffin Toyota, wayar da ta wuce om 25,000 ta tashi aiki.

Wajen saye, a ɗauki saitin da aka yanka don wannan injin, kowace waya da tsawonta da irin hularta. Kaurin waya ko jan launi ba ya ƙara komai. A guji wadda ake yankowa daga ƙulli mai zallan jan ƙarfe a ciki, musamman a mota mai kwamfuta, don tana rikita sigina. A canja su ɗaya bayan ɗaya. Yawancin injin silinda huɗu a jere 1-3-4-2 suke kyastawa, idan aka cire duka lokaci guda aka rikita biyu, mota za ta yi ta harbi ko ta ƙi tashi. A ja hular, kada a ja wayar, a kuma mayar da kowacce cikin maƙalinta nesa da salansa.

Masu kwayil kuma, ba dole ne a canja huɗun don ɗaya ya mutu ba. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wurin jona kwamfutar bincike. P0301 na nufin silinda ta ɗaya ke mis, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe, P0300 kuma mis ɗin ba wuri ɗaya yake ba. Idan ta nuna ta biyu, a musanya kwayil ɗinta da na ta uku a sake dubawa. Matsalar ta bi kwayil, shi ne mai laifi. Ta tsaya inda take, a dubi fulogi, nozul ko matsin silindar. Fitilar cek injin da ke ƙiftawa, ba wadda ta tsaya cak ba, gargaɗi ne cewa ɗanyen fetur na kwarara cikin matatar hayaƙin nan da ake kira indomi, kuma zai iya narkar da ita. Kuɗinta ya ninka na fulogi sau da yawa.

Kada ka bari a zubar da tsofaffin fulogin kafin ka gan su, a jere yadda aka kwanto su. Baki mai ruwan toka ko ruwan ƙasa, injin lafiya. Baƙi busasshe kamar gindin tukunya, fetur ya yi yawa: a duba matatar iska, nozul, da sensa. A nan ma sai an taɓo ɗabi'ar nan ta cire tamostat da zarar mota ta sauka daga jirgi, wai ƙasarmu da zafi. Injin da ba ya kai zafin aikinsa, kwamfuta na ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ƙara masa fetur, fulogi ya yi ta yin baƙi. Baki jiƙe da baƙin mai, ringi ko robar bawul ne, sabon fulogi ba zai warkar da shi ba. Fari fat da ƙuraje, zafi ya yi yawa ko lambar ba tasa ba ce. Idan kuma man a saman fulogin yake, cikin ramin da kwayil ke shiga, gasket ɗin murfin sama ne ke yoyo, a canja shi a ranar, in ba haka ba zai jiƙa robar sabon kwayil. Ramin nan dai shi ne ruwa ke cikawa idan aka wanke inji da injin feshi mai ƙarfi. 'Yan'uwanmu masu sana'ar wankin mota su kiyaye wannan.

Ɗaurin ma da ƙa'idarsa. Injin ya huce tukuna, domin kan injin zamani alminiyam ne, tiredinsa na saurin cinyewa da zafi. A hure ƙurar ramin kafin a kwance. A fara ɗaura sabon da hannu har ya zauna, sannan a sa sufana, kamar rabin juyi ya isa ga sabon fulogi mai washa irin na Big Daddy. Yaron da ke haɗa bututu a jikin sufana yana dannawa da ƙarfinsa duka, a dakatar da shi. Iridiyam da gibinsa yake zuwa, ba a buga bakinsa a kan dutse, ba a kankare shi da buroshin ƙarfe.

Masu Sienna mai silinda shida daga 2004 zuwa sama da sauran motoci irinta, ku buɗe ido. Uku na gaba a fili suke, uku na baya kuma suna ƙarƙashin manifol, sai an sauke shi. Aikin na cin lokaci, shi ya sa wasu ke canja na gaba su bar na baya su karɓi kuɗin shida. Ka tsaya a wurin, ko ka ce a ajiye maka tsofaffi shida. Tunda ba kullum ake buɗe wurin ba, nan ne bai kamata a sa abin maneji ba, a kuma sa sabon gasket na manifol ɗin.

Waɗanda suka mayar da motarsu ta koma amfani da gas na CNG, gas ya fi fetur wuyar kamawa, yana neman wuta mai ƙarfi. Fulogi ko wayar da ke lallaɓawa a kan fetur, da an juya zuwa gas sai ta fara mis ko harbi ta baya. A sa sababbi tun ranar juyin, a kuma tambayi waɗanda suka yi aikin gibin da ya dace, domin galibi ana ɗan rage shi.

Mai shirin tafiya gida da Sallah kuma, kada a yi wannan aiki ana gobe tafiya. A yi shi da mako guda, motar ta zaga gari, ta shiga go-sulo, ta hau babban titi, duk abin da zai fito ya fito kusa da bakanikenka, ba a dajin da ke tsakanin Jebba da Mokwa da tsakar dare ba. Cikin tsofaffin fulogin a zaɓi biyu mafi kyau a naɗe a tsumma, a haɗa da sufanarsu da kwayil ɗaya mai aiki a jefa a but.